Da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya: Hanji, Hura da Murar Ɗari a Adar

Wanda ya taɓa kwana a Afala cikin watan Janairu ya san yadda asubar ɗari take. Iskar gabas na kaɗa zana, ƙura ta kwanta a kan murfin randa, kuma daga kowane ɗaki tari kake ji: na tsoho mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, na yaro, na jaririn da uwarsa ke jijjigawa tun tsakar dare. Mazan gida da yawa ba sa nan. An yi girbi, damma sun shiga rumbu, su kuma sun tafi bida, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. Mata da tsofaffi da yara aka bari da hunturu.

A irin wannan safiya na ga abin da ya sa ni wannan rubutu. Na sauka a gidan gwaggona. Jikanta ɗan shekara uku yana zaune bakin murhu, majina ta bushe masa a leɓe, idanunsa na ruwa. Da uwarsa ta dama hura, yaron ya miƙo hannu zai karɓi ludayi, sai gwaggo ta janye ƙwaryar.

"Kar ki ba shi, ɗiyata. Nono sanyi garai, shina ƙara majina. Bari mai magani shi zo."

Da hantsi mai maganin ya iso a kan keke, kwalinsa ɗaure a baya. Ya ba ta kafso mai ja da rawaya, da wata kwalba da ya ce tana ƙara ƙarfin jiki. Jika guda ta biya, daga cikin kuɗin da ɗanta ya aiko. Gwaggo ba ta yi haka don rashin so ba. Duk gidan ba wanda ya kai ta damuwa da yaron. Amma a safiya ɗaya an hana shi abin da zai taimake shi, an saya masa abin da zai iya cutar da shi. Kuma abin da ya faru a gidan nan yana faruwa a dubban gidaje daga Tawa zuwa Barmu, daga Nuwamba har Fabrairu.

Bari mu fara da sanyin kansa, domin a nan tsofaffinmu suna da rabin gaskiya, kuma bai kamata ɗan boko ya yi saurin raina ta ba. Sanyi shi kaɗai ba ya haifar da mura. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, irin ƙananan nan da ake kira bairos, kuma nau'insu ya haura 200. Sai dai ɗari yana buɗe musu ƙofa. Cikin hanci da maƙogwaro akwai ƴar majina mai laushi da wasu siraran gasu da ido ba ya gani, suna share duk abin da aka shaƙa suna turo shi waje. Busasshiyar iska tana ƙafar da wannan majina, shara ta tsaya. A 2015 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna cewa bairos ɗin mura ya fi hayayyafa idan cikin hanci ya yi sanyi, wajen digiri 33 zuwa 35, fiye da yadda yake yi a zafin jiki na digiri 37. Ke nan tsohon da ke naɗe hanci da rawani a hunturu ya san abin da yake yi. Ga kuma ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana kankare maƙogwaro. Ga cunkoso: mutum takwas a ɗaki ɗaya, an toshe taga da tsumma, an shigo da kaskon wuta. Hayaƙin itace yana ƙona hanyar numfashin yaro, gawayi kuma a rufaffen ɗaki yana iya kashe mutum yana barci. Cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai tana bibiyar babbar mura a Nijar tun 2009, kuma abin da take gani shi ne cutar ta fi tashi a watannin sanyi. Bayanta kaɗan ƙyanda da sanƙarau ke biyowa.

To mene ne haɗin wannan da ciki? Bahaushe ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, yana nufin riƙe sirri. Maganar ta fi haka faɗi. Da za a shimfiɗa fatar cikin hanjin babban mutum, za ta rufe fili kusan murabba'in mita 30, wato kamar ɗakuna biyu. Kaurin abin da ya raba wannan fili da jininmu bai wuce ƙwayar halitta ɗaya ba. Duk abin da muka haɗiya, ruwan rijiya, ƙurar hanya, majinar da ke gangarowa daga hanci, ta nan yake bi. Saboda haka jiki ya girke dakarunsa a bakin wannan iyaka. A kowace rana hanji yana zubo giram da dama na wani makami da likitoci ke kira IgA, wanda ke manne wa ƙwayoyin cuta ya hana su kama bango.

Akwai maganar da ke yawo a WhatsApp da bakin masu tallar magani cewa kashi 70 cikin 100 na garkuwar jiki a hanji take. An ƙara mata gishiri. Wata ƙidaya da aka wallafa a 2023 ta nuna cewa mafi yawan ƙwayoyin garkuwa suna cikin ɓargo da saifa da kaluluwa. Abin da yake daidai shi ne kusan kashi 70 na ƙwayoyin da ke ƙera makamai irin su IgA a hanji suke zaune. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, ba sai an yi masa ƙari ba.

Cikin wannan hanji kuma akwai baƙi mazauna. An ƙiyasta a 2016 cewa babban mutum yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, kusan duka a babban hanji, alhali ƙwayoyin jikinsa shi kansa ba su wuce tiriliyan 30 ba. Galibinsu ba abokan gaba ba ne. Suna cin abin da mu ba ma iya narkewa: dusar hatsi, ɓawon wake, jijiyar ganye, yauƙin kuka da guro, abin da masana ke kira faiba. Idan sun ci sai su fitar da wasu ƙananan sinadarai masu tsami, waɗanda fatar babban hanji ke rayuwa a kansu, wasu kuma su shiga jini su kai har ɓargo da huhu, suna daidaita yadda dakarun jiki ke faɗa: kada su yi sanyi, kada kuma su wuce gona da iri su ɓata naman jikin da suke karewa. Sannan yawansu kaɗai kariya ne. Gonar da ta cika da shuka, ciyawa ba ta samun wurin tsayawa.

An gwada wannan a kan ɓeraye. A 2011, a Yale ɗin dai, aka shayar da wasu ɓeraye antibayotik har bakteriyar hanjinsu ta ragu, sannan aka sa musu bairos na babbar mura. Garkuwarsu ta kasa tashi yadda ta saba. A 2018 wasu masu bincike suka nuna cewa ɓerayen da aka ciyar da abinci mai yawan faiba sun fi tsira daga cutar, huhunsu bai lalace sosai ba. Ɓera ba mutum ba ne, wannan gaskiya ce. Amma a 2019 an ga makamancin haka ga mutane a Amurka: cikin waɗanda aka bai wa antibayotik kafin allurar rigakafin mura, waɗanda dama ba su da tsohuwar kariya ba su amsa allurar da kyau ba.

Binciken da ya fi taɓa ni, a maƙwabtanmu aka yi shi. A 2010 wasu masana daga Italiya suka kwatanta kashin yaran wani ƙauye mai suna Bulpon a Burkina Faso da na yaran birnin Fulorens. Abincin yaran ƙauyen shi ne namu: gero da dawa da aka daka, wake, miyar ganye, nama sai jefi-jefi. Aka tarar hanjinsu ya fi na yaran Turai yawan nau'in bakteriya, yana cike da masu iya narkar da dusa da ganye waɗanda babu su sam a cikin yaran Italiya, kuma sinadaran nan masu amfani sun fi yawa. Tun daga lokacin ake ambaton wannan bincike a duk inda ake maganar lafiyar hanji a duniya. Abin da Bature ke saye yau a cikin kwalba da tsada, da sunan furobayotik da faiba, yana cikin ƙwaryar da gwaggo ta janye.

Dubi hurar Adar da kyau. Hatsi ne aka surfa, aka wanke, aka daka, aka cura aka dafa, aka kirɓa, sannan aka dama da nono mai tsami. Hatsin yana kawo faiba da baƙin ƙarfe da zinki. Nonon yana kawo furotin, yana kuma kawo bakteriya masu rai, waɗanda su ne suka mayar da madara nono tun farko. Tsamin da suke samarwa yana hana yawancin ƙwayoyin zawo hayayyafa, shi ya sa hura ke wuni a ƙwarya ba ta lalace ba, a ƙasar da firiji ba na kowa ba ne. Koko da kunun da aka bar ƙullunsu ya kwana ya yi tsami su ma suna da nasu amfani. Dahuwa tana kashe bakteriyar, amma kafin nan sun riga sun yi aiki: sun rage wani sinadari na cikin hatsi da ke ɗaure baƙin ƙarfe da zinki ya hana jiki shan su. A ƙasar da binciken lafiya na 2012 ya samu fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙananan yara da ƙarancin jini, wannan ba abin wasa ba ne. Haka daddawa, ta kalwa ko ta batso da ake yi da ƴaƴan yakuwa: ita ma ruɓawa ce mai tsari, ta wata bakteriya daban, kuma tana ƙara wa miya abin gina jiki wanda dunƙulen kanti ba shi da shi. Shi gishiri ne da ɗanɗano.

Abin lura kuma, lokacin mura shi ne lokacin da Adar ta fi wadata da ɗanyen kaya. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta tura mutane noman rani, watannin ɗari suka zama na shu da salati da karoti da tumatir, daga fadamun Keita da bakin tafkin Tabalak, ga albasar Galmi da duniya ta sani. Albasa da tafarnuwa suna ɗauke da irin faibar da bakteriyar hanji ke so ƙwarai. Ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga dambu, ga magarya da kurna da goriba da yara ke gwaguya a hanya, ga garin ƴaƴan kuka mai yawan bitamin C. Abin da ke damuna shi ne inda kuɗin bida ke tafiya. Idan saƙo ya iso daga Abijan, abin da ake fara saye shi ne farar shinkafa da taliya da lemun kwalba, domin su ne alamar an samu. Ba na ganin laifin mai sha'awar canjin baki bayan wata tara yana cin tuwon hatsi. Amma shinkafar da aka goge fes da taliya ba su bar wa mazauna hanji komai ba. Wake kuwa, wanda ya fi su duka amfani, shi ake kwasa a sayar tun kaka. Ko wajen surfe ma, matan yanzu sun fi son hatsi ya fita fari tas a inji, dusar ta tafi ga tumaki. Kanwa kuma idan ta yi yawa a tukunyar wake ko ganye tana kashe wasu bitamin.

Sai dai ba zan yi wa mai karatu alkawarin da ilimi bai yi ba. Tun 1907 masanin nan ɗan Rasha, Eli Mecnikof, ya yi ta yayata cewa nono mai tsami ne sirrin tsawon ran manoman Bulgeriya, kuma har yau ana neman tabbatar da iyakar gaskiyar zancen. An samu sakamako masu ƙarfafa gwiwa. A Jami'ar Stanford, a 2021, manya da suka yi mako 10 suna yawaita cin abinci mai tsami irin su yogot sun samu ƙaruwar nau'in bakteriya a hanji da raguwar alamomin kumburi a jini. Amma mutum 36 ne kacal a binciken gaba ɗaya. A jihar Odisha ta Indiya, kamar yadda aka wallafa a 2017, an bai wa jarirai wata zaɓaɓɓiyar bakteriya tare da abincinta na mako ɗaya, a gwajin da ya ƙunshi jarirai fiye da 4,500, aka ga mummunar cutar jini ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100, ciwon huhu ma ya ragu. Idan aka tattara gwaje-gwajen furobayotik a kan mura, suna nuna ɗan ragi a yawan kamuwa, amma hujjar ba ta yi ƙarfin da za a rantse a kanta ba. A arewacin Gana kuma an taɓa gwada ruwan tsamin koko ga yara masu zawo, sakamakon ya fito a 2006: bai rage kwanakin zawon ba. Ma'ana, hura da koko abinci ne mai gina katanga a hankali, cikin watanni da shekaru. Ba magani ba ne da za a sha yau a warke gobe. Kwalbar mai keke kuwa ko wannan matsayi ba ta kai ba. Hatta bitamin C da ake ta kururutawa, ga yawancin mutane ba ya hana kamuwa da mura. Wanda ke shan sa kullum dai kwanakin murarsa kan ragu kaɗan.

Batun cewa nono na ƙara majina, an gwada shi. A Ostareliya, a 1990, aka sa wa mutum 60 bairos na mura da yardarsu, ana auna majinarsu ana rubuta yawan madarar da suke sha. Ba a ga wata alaƙa ba. Abin da mutum ke ji shi ne kaurin madara idan ta haɗu da yawu a maƙogwaro. Yaro mai mura yana buƙatar ruwa da abinci fiye da kullum, domin zazzaɓi na ƙona abin da ke jikinsa. Hana shi hura a wannan lokaci, a gidan da hura ce abincin rana, daidai yake da sa shi azumi yana ciwo.

Amma nono yana da nasa haɗari, kuma ba inda gwaggo ke zato ba. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ake ɗauka daga dabbobi, kuma tsami ba ya kashe su duka. Kindirmo ya fi aminci domin ana dafa madarar kafin a kwantar da ita. Babban haɗarin kuma ruwan damu ne. Hura mai kyau, idan aka dama ta da ruwan tafkin da dabbobi ke shiga, ko da hannun da ya wanke wa yaro kashi ba a sa sabulu ba, ta zama hanyar cuta. A nan ne labarin Bulpon yake da ɗaya fuskar da masu yabon abincin gargajiya ba sa son faɗa. Yaran karkararmu suna da wadatar bakteriya masu amfani, amma suna haɗiyar masu cutarwa ba dare ba rana. Hanjin da ke fama da wannan kullum yakan kumbura a ɓoye, ƴan yatsun da ke tsotsar abinci a bangonsa su gajarce, bangon ya riƙa yoyo. Yaro yana ci amma ba ya girma, kuma dakarun jikinsa sun gaji da faɗan cikin gida kafin mura ta zo. Wanke hannu da sabulu kaɗai yana rage zawo da kusan kashi 30 cikin 100, yana kuma rage cututtukan numfashi. Sabulu ɗaya bai kai kuɗin kwalbar nan ba.

Ga jariri kuwa, duk maganar ta tattaru a nonon uwa. Akwai wata hikima a nan da nake jin daɗin bayyanawa duk lokacin da na samu dama. Ƙwayoyin garkuwa da suka koyi faɗa a hanjin uwa suna tasowa su bi jini su sauka a mamanta, su zuba makamansu a cikin nono. Wato jariri yana shan kariya daga ainihin cututtukan da ke gidansu, waɗanda uwarsa ta riga ta haɗu da su. Nonon yana kuma ɗauke da wani irin sukari da jaririn ba ya iya narkewa; an tanade shi ne don ciyar da bakteriya masu amfani a hanjinsa. Dakashi, wanda har yanzu wasu ke matsewa su zubar suna cewa ƙazanta ne, shi ya fi kowane nono yawan waɗannan makamai. Duk da haka binciken 2012 ya samu kashi 23 cikin 100 ne kawai na jariran Nijar ƴan ƙasa da wata 6 ke shan nonon uwa zalla. Sauran ana ba su ruwa, ana ba su ɗauri da jiƙe-jiƙe, kowane kurɓi kuma ƙofa ce ga zawo. Zuma tana lafar da tari ga babban yaro, amma ba a ba wanda bai cika shekara ba.

Yanzu kafso. Mai ja da rawayan nan galibi tetarasaikilin ne. Ba ya taɓa bairos ko kaɗan, don haka ba ya maganin mura. Ba a ma ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8 domin yana ɓata haƙori. Abin da yake yi shi ne ya shiga hanji ya kashe na kashewa, ya bar masu taurin kai su gaji filin. A Kwapanhagan ta Denmak, a 2018, an bai wa lafiyayyun maza 12 antibayotik masu ƙarfi na kwana 4. Yawancin bakteriyarsu sun dawo cikin wata ɗaya da rabi, amma bayan wata 6 akwai nau'i 9 da ba a sake gani ba a yawancinsu. Wannan a karo ɗaya ke nan. Yaron da ake buɗe wa kafso a zuba masa a koko duk lokacin da hancinsa ya yi ruwa fa?

Wani zai ce, ai mun ga ma'aikatan lafiya da kansu suna bi gida-gida suna ɗura wa yara antibayotik. Gaskiya ne, kuma tambayar tana da nauyi. A gwajin MORDOR da aka wallafa a 2018, an riƙa bai wa yara azitiromaisin sau biyu a shekara a Nijar da Malawi da Tanzaniya. A Nijar, inda aka yi shi a jihar Doso, mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100. Gwajin AVENIR da ya biyo baya, wanda ya haɗa da ƙauyukan jihar Tawa, ya fito a 2024 da ragin kashi 14 idan an bai wa duk yara daga wata 1 zuwa 59. Rayuka ne na gaske aka ceta, ba na musun haka. Amma masu binciken da kansu sun auna kashin yaran sun ga bakteriya masu jure maganin sun ƙaru. Ni abin da na karanta a wannan sakamako shi ne girman cutar da yaranmu ke yawo da ita a hanji da huhu ba tare da sun ga likita ba, har ya zama kurɓi biyu a shekara na raba wasu da kabari. Magani ne sananne, a ma'auni sananne, ana bibiyar abin da yake haifarwa. Ba shi da haɗi da kafson da ya sha rana a bayan keke.

Ƙarƙashin duk wannan akwai yunwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma garkuwar jiki ba ta da abin da take gina dakarunta da shi sai abin da aka ci. Yaro mai tamowa, murar da ɗan'uwansa zai share cikin mako ɗaya ita ce za ta gangara masa huhu. Adar ta ga wannan da idonta a 2005, ta kuma sake gani a 2010. Zawo yana jawo tamowa, tamowa tana jawo ciwon huhu, ciwon ya hana ci, a koma farko. Shi ya sa ƙananan abubuwan da ake bayarwa a likita suka fi duk wani abin ƙarin ƙarfi da ake talla: ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14 ga mai zawo, bitamin A duk wata 6, da rigakafi. Tun 2014 Nijar ta sa rigakafin rota, bairos ɗin da ke kawo zawo mai tsanani kuma ya fi yawa a lokacin sanyi, da na ciwon huhu, cikin na yau da kullum. A Madarumfa ta jihar Maraɗi aka gwada wani rigakafin rota mai jure zafi, sakamakon 2017 ya nuna ya hana kusan kashi biyu cikin uku na zawo mai tsanani. Ƙyanda kuwa, an gano a 2019 cewa tana goge wani babban kaso na makaman da jikin yaro ya tara a baya, ta bar shi tsirara gaban cututtukan da ya riga ya saba da su. Duk hurar duniya ba za ta maye gurbin allurar rigakafin ƙyanda ba.

Kuma dole uwa ta san inda mura ta ƙare, wani abu ya fara. A ɗaga rigar yaro yana kwance lafiya lau ba ya kuka, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Idan ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko aka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki idan ya ja iska, wannan ciwon huhu ne, kuma a nan ne antibayotik na gaskiya, amokzisilin, yake ceton rai. Ba wurin wanzami za a kai shi a cire hakin wuya ba. Yaron da ya ƙi nono, ko yake suma, ko wuyansa ya sanƙare da zazzaɓi, ba a jira gari ya waye. Nijar ta yi asarar mutum fiye da 500 a annobar sanƙarau ta 2015. Babba kuma da tarinsa ya wuce mako biyu, a je a auna majinarsa. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, ko da yake magani kan yanke, hanya kuma tana da nisa ga wanda ke ƙauyen da sai da amalanke.

Da yamma na zauna da gwaggo a tabarma. Ban ce mata ta yi kuskure ba, ba a faɗa wa babba haka. Na ce, "Gwaggo, in sanyin nonon kike tsoro, a tafasa ruwa a bari ya huce, a dama mishi da ɗuminsa, a sa ƴar citta." Ta yi shiru, sannan ta ce wannan kam ba laifi. Muka ɗaga rigar yaron muka ƙirga tare da agogon wayata: 32. Ya sha ludayi huɗu ya yi barci.

Sai uwarsa ta kawo maganar da ni ban yi tunaninta ba. Ta ce nan da wata ɗaya nonon ma ba zai samu ba. Ciyawa na bushewa, shanu na yin kudu, abin da Fulani ke kawowa kasuwa yana raguwa yana tsada, wani kuma rabinsa ruwa ne da garin kuka. Abin da matan unguwarsu ke yi shi ne su sayi madarar gari a awo, su dama da tafasasshen ruwa, idan ya huce su zuba ludayi ɗaya na nonon jiya, su rufe ƙwaryar da faifai su ajiye kusa da murhu inda ɗumi bai gama fita ba. Da safe ya kama. A ɗari, in ji ta, yakan ƙi kamawa sai an naɗe ƙwaryar da tsohon zane.